Manhajata tana aiki a kwamfutata, amma a shago ta ƙi: daga ina zan fara?

Wani matashi ne da bai daɗe da kammala karatun kwamfuta ba ya aiko mini da wannan tambayar:

"Yaya, barka da aiki. Na rubuta wa shagon kawuna da ke Kantin Kwari manhajar lissafin ciniki. Ta kan kwamfutar shago da C# na yi ta, tana ajiye bayanai a SQLite, sannan ta tura su intanet zuwa shafin da na yi da PHP da MySQL, don Kawu ya riƙa duba ciniki a wayarsa. A kwamfutata lafiya lau take. A shago kuwa sunayen masu saye suna lalacewa, kuɗin da shafin ke nunawa ba ya dacewa da na cikin durowa, wani cinikin yana fitowa sau biyu, manhajar tana sandarewa, wani lokacin shafin ya fito fari fat. Na gaji. Ina so in watsar da komai in sake rubutawa da wani yaren. Me ka gani?"

Ƙanena, kada ka watsar. A cikin abubuwa biyar ɗin da ka lissafa babu ko ɗaya da yake laifin C# ne ko na PHP. Idan ka koma Python ko JavaScript da su za ka tafi, an gudu ba a tsira ba ke nan, ga kuma wata uku da za ka ɓatar. Abin da ke faruwa shi ne kwamfutarka ba shago ba ce. A ɗakinka kai kaɗai ke danna maɓalli, ka san inda za ka taɓa da inda ba za ka taɓa ba, shafin yana zaune a kan kwamfutar da kake aiki da ita, amsa tana dawowa kafin ƙiftawar ido. Sunayen da ka yi gwaji da su ma na san ba su wuce Ali da Musa ba. A Kwari kuwa wuta tana ɗaukewa, sabis yana hawa yana sauka, yaron shago yana da mutum huɗu tsaye a kansa kowa na cewa a sallame shi.

Saboda haka babban aikinka ba a kan allo yake ba. Ka ɗauki littafi da biro ka je ka yini a shagon ranar da kasuwa ta cika. Ka samu wuri a kan dilar atamfa a bayan yaron ka zauna, kada ka karɓi linzamin daga hannunsa, kada ka gyara masa. Duk sanda wani abu ya faru ka rubuta ƙarfe nawa ne, me ya danna, me allon ya nuna kalma da kalma. "Ta ƙi yi" ba bayani ba ne, kuma shi kaɗai za ka riƙa samu idan ta waya kake tambaya. Matsalar da ba ka iya sa ta sake faruwa a gabanka da gangan ba, ba ka kama ta ba tukuna, ko da ka canza wani layi ta yi shiru kwana biyu.

Kafin ka tafi, ka buɗe rubutunka ka nemi duk inda ka sa catch, wato wurin da ke kama kuskure, ka bar cikinsa wayam, ko ka sa saƙon "An samu matsala" kawai. Nan ne ake rufa wa kuskure asiri. Ka sa manhajar ta riƙa rubuta kowane kuskure a wani fayil na rahoto: lokaci, aikin da take yi, cikakken saƙon kuskuren da jerin layukan da ya biyo. Ka ajiye fayil ɗin a cikin AppData, domin tun zamanin Windows Vista ba a barin manhajar da ba ta da izinin shugaba ta yi rubutu a Program Files.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake nacewa a kan wannan. Shekarun baya an kira ni wani shagon sayar da magunguna a Sabon Gari. Manhajarsu takan daina tura bayanai na kwana ɗaya ko biyu, sannan ta dawo da kanta. An canza layin data, an canza na'urar intanet, an sake ɗora Windows, duk a banza. Ina zaune aka ɗauke wuta, aka tada janareta, kwamfutar ta taso. Sai idona ya kai kusurwar allo ta ƙasa daga dama, na ga kwanan wata ya koma shekaru baya. Kwamfutar gwanjo ce, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogo, CR2032, ya mutu. Kowane shafi mai https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, waɗanda Let's Encrypt ta saba bayarwa ma na kwana 90 ne kacal. Kwamfutar da ta ɗauka tana wata tsohuwar shekara sai ta ga takardar ba ta fara aiki ba, ta ƙi yarda da haɗin. Ranar da yaron shagon ya tuna ya gyara agogo da hannu, sai komai ya dawo. Manhajar ta san dalilin tun ranar farko, amma wanda ya rubuta ta ya toshe mata baki. Batiri ɗaya muka aika aka sayo a Beirut Road, magana ta ƙare. Don haka kai ma ka fara kallon agogon kwamfutar Kawu.

Yanzu sunayen da ke lalacewa. Ka duba da kyau yadda suka lalace, domin kamannin lalacewar shi ke gaya maka inda ɓarnar take. A UTF-8, tsarin da ke mayar da haruffa lambobin da kwamfuta ke ajiyewa, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Idan wani ɓangare ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, sai ka ga Æ™ a madadin ƙ. Haka ɗ take komawa É—, alamar naira kuma, mai bayit uku, ta koma â‚¦. Idan irin wannan kake gani ka gode wa Allah, bayanan suna nan, karatun ne ya karkace, kuma ana iya mayar da su. Idan kuwa alamar tambaya kake gani, Ɗanladi ya zama ?anladi, to an tilasta wa harafin shiga gurbin da bai san shi ba, kamar latin1, ya zubar da shi. Wannan ba ya dawowa sai daga wani kwafin.

Yadda ake kamo wurin shi ne ka ɗauki suna ɗaya tak ka bi shi kamar mai bin sawu. Ka shigar da "Ɗanladi Ƙofar Mata" a kwamfutar shago. Ka buɗe fayil ɗin SQLite ka gani, na fi zaton lafiya zai kasance, domin SQLite da UTF-8 yake ajiya tun asali. Ka sa PHP ya rubuta abin da ya iso masa kafin ya taɓa shi. Ka duba cikin MySQL. Ka duba abin da burauza ta nuna. Mataki na farko da sunan ya canza kama, a nan gizo ke saƙa. Mafi yawan lokuta a haɗin PHP da MySQL ne. Tebur ɗin ya zama utf8mb4, haɗin ma ka faɗa masa a fili: set_charset("utf8mb4") idan mysqli kake amfani da shi, ko charset=utf8mb4 a layin haɗi idan PDO ne. Ka lura, abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 bayit uku kawai yake ɗauka. Ya ishi haruffanmu masu ƙugiya, amma ranar da wani ya liƙo suna daga WhatsApp da ɗan hoton murmushi a jiki zai tuntsure. Tun 2010 aka fito da utf8mb4, babu dalilin ƙin amfani da shi.

Idan a rasit ne kawai sunan ke lalacewa, wannan daban ne. Ƙananan firintocin rasit ɗin nan suna da nasu jerin haruffa a ciki, kuma waɗanda aka saba da su babu ƙ babu ɗ. Ka tura rasit ɗin a matsayin hoto.

Akwai wani abu da ba ka ambata ba amma ina da yaƙinin yana nan. Ka gwada sayar wa Mu'azu, ko Sa'idu, ko Isma'il. Idan kana haɗa umarnin SQL ta hanyar manna suna a tsakiyar rubutu, waƙafin saman nan da ke cikin sunan zai rufe zancen tun kafin ya ƙare, MySQL ya dawo da kuskure mai lamba 1064, cinikin ya ƙi shiga. A garin da kowane layi akwai Mu'azu da Ja'afar da 'Yar Baba, wannan ba abin da zai faru jefi-jefi ba ne, kullum ne. Kuma kada ka ce za ka magance shi da goge waƙafin daga sunan mutane. Ƙofar da sunan Mu'azu ya bankaɗe bisa kuskure, ita ce ɓarawo zai shiga da gangan ya kwashe ko ya goge rumbun bayanan gaba ɗaya, tunda shafinka a intanet yake. Maganin shi ne umarnin da aka shirya da gurabe, prepare da execute, inda umarni ke tafiya daban, bayanai daban. Ka bi kowane layi ka canza, har da na shafin shiga da kalmar sirri. Wannan shi ne abin da zan so ka gyara a daren yau, kafin komai.

Sandarewa da fitowar ciniki sau biyu uwarsu ɗaya. Ga abin da nake ganin yana faruwa. Yaro ya danna "Ajiye". Manhajarka ta tsaya tana jiran amsar saba, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kanta a intanet, a kan zaren aikin da ke kula da allo. Sabis ya yi ƙasa. Windows idan ya ga taga ta yi daƙiƙa 5 ba ta saurare shi ba sai ya dusashe ta ya rubuta Not Responding, shi kuwa HttpClient, mai kai saƙon intanet a C#, idan ba ka canza masa ba har daƙiƙa 100 yake jira. Minti ɗaya da rabi da 'yan kai ke nan, mai saye yana tsaye da kaya a hannu. Yaron zai sake dannawa, ko ya rufe ya buɗe ya sake shigarwa, kuma ba laifinsa ba ne. Alhali saƙon farko ya riga ya isa, saba ta ajiye, amsar ce ta ɓata a hanya. Ka san yadda ake yi a wajen mai POS: an cire kuɗi a asusunka, takarda ta fito ta ce bai yi ba. Shi ne dai wannan.

Gyaran hawa biyu ne. Na farko, ciniki ya shiga SQLite nan take, a ba mai saye rasit ya tafi, turawa intanet kuma ta zama aikin bayan fage da ke bin layi a hankali. C# yana da async da await tun 2012 saboda irin wannan. Amma ka kiyayi sa .Result ko .Wait() a cikin aikin maɓalli, domin suna iya ƙulle tagar gaba ɗaya, kowane ɓangare yana jiran ɗan'uwansa. Na biyu, kuma shi ne mai muhimmancin, kowane ciniki ya samu lambar shaida tasa tun a kwamfutar shago, Guid.NewGuid() ya isa, a tura ta tare da shi. A MySQL ka sa wa gurbin lambar sharaɗin UNIQUE. Idan ciniki ɗaya ya iso sau goma, na farko ne zai zauna, sauran su ci karo da kuskure 1062, kai kuma ka sa PHP ya amsa da cewa wannan ya riga ya iso, a cire shi daga layi. Kashe maɓalli bayan dannawar farko yana da kyau, ka yi, amma shi kaɗai ba ya hana maimaici, tunda ita kanta manhajar za ta sake turawa idan ba ta ji amsa ba.

Kuɗin da ba ya dacewa kuwa, rabinsa mun riga mun gano: maimaici yana ƙara shi, sunaye masu waƙafi suna rage shi. Saura abu uku da za ka duba. Wane lokaci kake liƙa wa ciniki, lokacin da aka yi shi ko lokacin da ya isa saba? Idan NOW() ka sa a MySQL, cinikin yammacin Litinin da bai samu sabis ba sai safiyar Talata zai faɗa lissafin Talata. Lokacin ya taso daga shago, kuma ka gaya wa PHP yankinmu, Africa/Lagos, wanda ke gaban UTC da awa 1 duk shekara. Sannan da wane irin gurbi ka ajiye kuɗi? Ka buɗe burauza ka danna F12, ka shiga Console, ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Ba lalacewa ba ce, haka lambobi masu ɗigo suke a tsarin IEEE 754 na 1985, wanda kusan duk yarukan ke bi. A shagon da ake yanka yadi biyu da rabi ana yin ragi, waɗannan 'yan burbushin suna taruwa, kuma suna sa kwatanta jimilla biyu ya ce ba daidai suke ba. Ka yi amfani da decimal a C#, DECIMAL a MySQL, ko ka ajiye komai da kwabo a cikakkiyar lamba, yadda Paystack ke karɓar kuɗi. A SQLite kwabon ya fi, don ba shi da gurbin decimal na gaskiya. Na uku, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki: an rubuta ciniki, ba a kai ga rage kaya ba. Ka ɗaure su tsakanin BEGIN da COMMIT, ko su shiga tare ko su fasa tare.

Tunda muna kan gurabe, lambar waya da lambar asusun banki ba lambobin lissafi ba ne, rubutu ne. Idan ka ajiye su a gurbin lamba sifilin farko zai gudu, 0803 ta koma 803. Excel ma haka yake yi idan ka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye.

Farin shafi shi ne mafi sauƙi a cikinsu. PHP ya faɗi ne, saba kuma an saita ta kada ta nuna wa baƙi kuskure, wanda shi ne daidai. Kada ka kunna display_errors a shafin da ke intanet. Ka danna F12, ka shiga Network, ka sake loda shafin ka ga lambar amsa. Idan 500 ce, rubutunka ne ya faɗi, ka je fayil ɗin error_log a wajen masu ba shafinka masauki a intanet, layin da lambarsa suna nan a rubuce. 404 ba a ga fayil ba. 403 an gani an hana. 502 da 504 saba ta gaba ba ta samu amsar kirki daga ta bayanta ba, ko ta gaji da jira. Abubuwa biyu ne suka fi kama masu tasowa daga XAMPP, manhajar da ake gwada shafin PHP da ita a kwamfutar gida. Windows bai damu da babban harafi ko ƙarami a sunan fayil ba, Linux kuwa ya damu, a wurinsa Config.php da config.php mutum biyu ne. Sai kuma bambancin sigar PHP: tsofaffin umarnin nan masu farawa da mysql_ an cire su tun PHP 7.0 a 2015, amma har yau suna yawo a tsofaffin darussan intanet. Tunda ka ce wani lokacin ne kawai yake fari, ina zargin shafin rahoto ne da ke ɗebo duk cinikin tun ranar farko har ma'ajiyar da aka ware masa ta cika. Fayil ɗin error_log zai faɗa maka. Idan ka gyara ka ga kamar bai canza ba, ka danna Ctrl da F5 kafin ka zargi kanka, burauza tana riƙe tsohon kwafi.

Duk wannan gyaran ka yi shi ɗaya bayan ɗaya. Ka sa aikin a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji, idan ba ka sa ba, ka gyara abu guda, ka gwada, ka adana da bayanin abin da ka canza, sannan ka matsa. Idan ka taɓa wuri biyar a zama ɗaya abin ya gyaru, ba ka san wanne ne maganin ba, idan ya ƙara lalacewa ma ba ka san wanne ne dafin ba. Kuma kafin ka taɓa rumbun bayanan gaske ka kwafe shi gefe. Na SQLite ka rufe manhajar kafin ka kwafa, na MySQL ka fitar da shi da mysqldump ko ta phpMyAdmin. A kan kwafin za ka yi gwaji, ba a kan dukiyar Kawu ba.

Wajen share maimaicin da ya riga ya taru ka bi a hankali. Kada ka rubuta umarnin da zai goge duk ciniki biyu masu kama da juna, domin mutum yana iya sayen shadda yadi biyar da safe ya dawo bayan azahar ya ƙara biyar irinta. Ka jera abin da ke MySQL kusa da abin da ke kwamfutar shago, ka haɗa da littafin da yaran ke rubutawa da hannu idan suna da shi, ka bi rana-rana. Sunayen da suka koma alamar tambaya ma daga SQLite na shago za ka dawo da su.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna tun da na karanta saƙonka. Ka ce kuɗin da shafin ke nunawa ba ya dacewa da na durowa. Idan ciniki yana fitowa sau biyu, to wayar Kawu tana nuna masa kuɗin da ya fi wanda aka damƙa masa da yamma. Kai ka san manhaja ce. Shi bai sani ba, kuma akwai yara a shagon da su ne ke riƙe da durowar. Mai yiwuwa ya fara kallon wani da wani ido bai faɗa ba. Kada ka jira sai ka gama gyara. Gobe da safe, kafin a buɗe shago, ka same shi shi kaɗai ka ce: "Kawu, lissafin da ke fitowa a wayarka akwai kuskure daga wajena, kada ka yi hukunci da shi a kan kowa sai na tantance." Ka roƙe shi su koma littafi na mako biyu tare da kwamfutar. Idan ka yini a shagon ka tara rahoton kwana uku, ka turo mini fayil ɗin da hoton error_log, amma ka goge sunaye da lambobin wayar masu saye kafin ka turo.